Gyaran gangar Auzinawa: yadda npm 5.7.0 ta ƙwace wa root fayilolinsa

Ranar 21 ga Fabrairun 2018 masu kula da npm suka saki siga ta 5.7.0. Npm ita ce manhajar da masu rubuta JavaScript ke sauke ƙunshin kod ɗin juna da ita. Isaac Schlueter ne ya ƙirƙiro ta a 2010, kuma tare da Node.js, shirin da ke gudanar da JavaScript a kan kwamfuta, take zuwa, shi ya sa da wuya ka sami kwamfutar da ake aikin JavaScript a kanta babu ita. Sabuwar sigar ta zo da umarnin `npm ci` da gyare-gyare da dama. Ba a cika kwana guda ba aka shigar da ƙorafi mai lamba 19883 a ma'ajiyar npm da ke GitHub: wanda ya kira npm ta hanyar `sudo`, umarnin da ke ara wa mutum ikon root, wato babban asusun da ke da iko da komai a tsarin, a kan Linux yana iya tarar da manyan foldodin tsarin, irin su `/etc` da `/usr` da `/boot`, sun fita daga hannun root sun koma mallakarsa shi mai amfanin. Ba ma sai ka ce ta girka wani abu ba, domin wanda ya kai ƙorafin ya ce ko `sudo npm --help` ya isa. Masu FreeBSD su ma sun koka. Washegari, 22 ga wata, aka fitar da 5.7.1 aka janye canjin, daga baya kuma aka yi wa matsalar rajista a kundin raunukan tsaro na CVE da lamba CVE-2018-7408.

Ba a goge fayil ko ɗaya ba. Ko harafi bai canza a cikin wani fayil ba. Lambobi biyu ne da ke maƙale da kowane fayil suka sauya, amma hakan ya isa ya sa wasu sake girka sabobinsu tun daga tushe.

Abin da ke maƙale da fayil

A Unix da zuriyarsa, Linux da macOS da FreeBSD, kowane fayil da kowace folda suna da wani ɗan rikodi da ake kira inode. A nan ake ajiye lambar mai shi, lambar rukuninsa, izininsa, da lokutan da aka taɓa shi. Tsarin bai san suna ba, lamba ya sani: root shi ne 0, mai amfani na farko a Ubuntu ko Debian ko Fedora yakan sami 1000, a macOS kuwa 501. Izini kala uku ne, karatu 4, rubutu 2, gudanarwa 1, ana tara su a rubuta sau uku, na mai fayil, na rukuni, sai na sauran jama'a. Shi ne 755 ɗin da kowa ya saba gani.

Akwai lamba ta huɗu a gaba, wadda ba kowa ke lura da ita ba, kuma ita ce zuciyar wannan lamari. Idan fayil mai gudana yana ɗauke da 4000, wato setuid, to duk wanda ya tayar da shi, shirin zai yi aiki ne da ikon mai fayil ɗin, ba da ikon wanda ya tayar ba. Dabarar Dennis Ritchie ce a Bell Labs, har an ba shi shaidar mallakar fasaha a kanta a 1979. Da ita ce talaka ke iya canza kalmar sirrinsa: `/usr/bin/passwd` na root ne, izininsa 4755, don haka yana iya rubutu a `/etc/shadow`, inda shi mai amfanin ko leƙawa ba ya iya yi. Haka `sudo` kansa, haka `su`. Ƙanwarta ita ce 2000, setgid, mai yin irin wannan aikin ga rukuni.

Harsunan rubuta manhaja duk sun buɗe ƙofa zuwa waɗannan lambobin. Node na da `fs.chown` da `fs.chmod`, Python na da `os.chown` da `os.chmod`, Go na da `os.Chown` da `os.Chmod`, chown na sauya mai fayil, chmod na sauya izini, kuma a ƙarshe kira iri ɗaya suke aika wa ƙwaryar tsarin, wato kernel. Layi ɗaya ne, ba ya tambaya, ba ya ajiye tarihin abin da ya tarar. Kuskuren da 'yan koyo suka fi yi a nan shi ne rubuta `os.chmod(fayil, 755)` a Python, alhali lambar ta lissafin tushe takwas ce, dole a rubuta `0o755`. Idan ka rubuta 755 tsurarta, abin da ya isa ga tsarin shi ne 1363 a tushe takwas, izinin da mai fayil ma ba zai iya karanta fayil ɗinsa ba. Wannan ƙaramin abu ne, nan take za ka gani ka gyara. Na npm ba irinsa ba ne.

Ciwon da aka so magancewa

Matsalar da masu npm ke fama da ita ta gaske ce, kuma duk wanda ya daɗe da Node ya ɗanɗana ta. Npm na ajiye kwafin abin da ta sauke a `~/.npm`, cikin foldar gidan mai amfani. Ka buga `sudo npm install -g` sau ɗaya, npm na gudana a matsayin root, amma a macOS da Ubuntu na wancan lokacin sudo kan bar adireshin gida yadda yake. Sai root ya shiga gidanka ya rubuta fayiloli da sunansa. Gobe ka buga `npm install` ba tare da sudo ba, sai ta tsaya da kuskuren EACCES, wai ba ka da izinin taɓa abin da ke cikin gidanka.

Don magance wannan aka rubuta wani guntun kod mai suna `correctMkdir`, wanda ya daɗe a cikin npm kafin 5.7.0. Aikinsa ya tabbatar folda tana nan, kuma tana hannun wanda ya dace. Yadda yake gane wanda ya dace shi ne: idan npm na gudana a matsayin root, sai ya duba `SUDO_UID` da `SUDO_GID`, bayanai biyu da sudo ke bar wa shirin da ya tayar, masu nuna ainihin wanda ya buga umarnin. Idan foldar ba ta nan, ya ƙirƙire ta ya miƙa masa. Idan kuma tana nan amma mai ita daban ne, sai ya ɗauka an ɓata ta ne a baya, ya kira `chownr`, wani ƙaramin ƙunshi da ke bin folda ciki da ciki yana sauya mai kowane abu, kamar dai `chown -R`.

A kan `~/.npm` wannan tunani daidai yake. Foldar npm ce, a gidan mutum take, duk abin da root ya mallaka a ciki kuskure ne. Muddin can kaɗai ake kiransa, babu wanda ya taɓa jin ɗuriyarsa.

Abin da 5.7.0 ta yi shi ne ɗaukar `correctMkdir` ta sa shi a wuraren da a da ake kiran `mkdirp`, wanda shi ƙirƙirar folda kawai ya sani, idan ya tarar da ita ya wuce abinsa. Sanarwar 5.7.1 ta faɗi hakan ƙarara: an so a daidaita hanyoyin da npm ke guje wa rubuta fayiloli da sunan root, amma canjin ya shiga wuraren da ya kamata a bar wa `mkdirp`. Duk wanda ya karanta canjin a fuska zai ga gyara ne mai tsabta, an cire kira ɗaya an sa ɗan'uwansa, dukansu suna karɓar adireshin folda. Sai dai npm ba gidan mutum kaɗai take taɓawa ba. Tana da wurin girka ƙunshi na kowa da kowa, wanda a Linux yawanci `/usr` ne ko `/usr/local`. Ka miƙa wa `correctMkdir` irin wannan folda ƙarƙashin sudo, ga lissafin da zai yi: foldar tana nan, mai ita 0 ne, `SUDO_UID` ya ce 1000, ba su yi daidai ba, to an ɓata ta, a gyara. Daga nan `chownr` ya kama hanya, da cikakken ikon root, babu mai tare shi.

Wannan lissafin ne ya nuna wa ya tsira. Wanda ya shiga a matsayin root kai tsaye, kamar yadda aka saba a cikin Docker, manhajar da ke keɓe shiri a akwatinsa, ba shi da `SUDO_UID`, don haka 0 da 0 sun yi daidai, ba a taɓa komai ba. Masu amfani da nvm, manhajar girka sigogin Node, waɗanda Node ɗinsu ke cikin gidansu, ba sa buƙatar sudo tun farko. A Windows babu `process.getuid` ma sam. Sai abubuwa biyu sun haɗu, sudo da Node da aka girka a foldar tsarin, sannan wutar ke kamawa. Wannan kuwa shi ne yanayin sabar da aka girka Node daga ma'ajiyar Ubuntu ko CentOS, wadda mai kula da ita ke bin ƙa'idar kada a shiga da root. Wato masu bin doka aka fi cuta.

Me ya sa ba a iya cewa a mayar kawai

Tambayar da kowa zai fara yi ke nan. An sauya mai fayil daga 0 zuwa 1000, to a sauya daga 1000 zuwa 0 mana, a wuce wurin.

Da farko, da wa za ka sauya? Npm ta gama aikinta lafiya domin tun kafin ɓarnar ta riga ta zama root. Amma a hanyarta ta bi ta kan `/usr/bin/sudo`. Umarnin sudo na gaba da ka buga zai amsa maka cewa dole fayil ɗin ya kasance na lamba 0 kuma yana ɗauke da setuid, ya tsaya nan. Ko da ya tashi, ba ya yarda da `/etc/sudoers` da ba na root ba. `pkexec`, wanda wasu ke gudu gare shi in sudo ya lalace, shi ma a `/usr/bin` yake, abin da ya ci sudo ya ci shi. A Ubuntu kuma asusun root a kulle yake zuwa, babu kalmar sirri. Idan kwamfutar na gabanka, sai ka sake kunna ta ka shiga yanayin ceto ta GRUB, shirin da ke tayar da Linux, ko ka tayar da ita daga filashi. Idan sabar haya ce a wata ƙasa, sai abin da kamfanin ya tanadar maka na ceto.

A ce ka samu ka shiga. Nan ne ainihin abin yake. A Linux, duk lokacin da aka yi wa fayil mai gudana chown, ƙwaryar tsarin na goge setuid da setgid ɗinsa, ko da root ne ya yi. Da gangan aka tsara haka, don kada sauya mai fayil ya zama hanyar raba iko a ɓoye, kuma tsari ne mai kyau. Amma ma'anarsa a nan ita ce `passwd` da ya kasance 4755 ya koma 755 tun a zagayen farko. Ka mayar da shi hannun root, yana nan 755. Haka ikon musamman da ake liƙa wa wasu fayiloli, irin wanda `ping` ke amfani da shi a wasu tsare-tsaren, shi ma chown na share shi. Npm ba ta kira `chmod` ba ko sau ɗaya, amma ta canza izini.

Sannan ba komai ne na root da rukunin root ba. A Debian da Ubuntu na wancan lokacin `/etc/shadow` na rukunin shadow ne, `chage` ma haka, `crontab` na rukunin crontab, `wall` na rukunin tty, kuma ukun nan na ƙarshe da setgid suke aiki. Sabar da ta shekara tana aiki kuwa tana da foldodi a `/etc` da mai kula da ita ya ba wa rukunin manhajar yanar gizo ko ta rumbun bayanai. Chown ya shafe wannan bambancin gaba ɗaya ya mai da kowa 1000. Idan ka buga `chown -R root:root` don gyara, ka sake shafewa ne da wani fenti. Kwamfutar za ta tashi, za ka ga kamar an gama, sai bayan mako ka gano wani abu ya daina aiki ba tare da ya yi ƙara ba. Cron na Debian, shirin da ke tayar da ayyuka a lokutan da aka tsara, alal misali, ba ya gudanar da `/etc/crontab` idan ba na root ba ne. Layi ɗaya yake rubutawa a kundin rahoto ya yi shiru, kuma a cikin cron ɗin nan mutane da yawa ke sa aikin ajiye kwafin bayanansu na dare.

Masu CentOS da Fedora sun ɗan sami sauƙi, domin rpm, manhajarsu ta girka ƙunshi, na riƙe da bayanin mai kowane fayil da izininsa. `rpm --setugids -a` ya mayar da mallaka, sannan `rpm --setperms -a` ya mayar da izini. Jerin yana da muhimmanci: in ka fara da izini, gyaran mallaka zai sake goge setuid ɗin da ka dawo da shi. Dpkg na Debian ba ya ajiye irin wannan jeri, don haka sai dai a sake girka ƙunshi-ƙunshi. Kuma a duka biyun, fayil ɗin da mutum ya ƙirƙira da hannunsa ba ya cikin lissafin kowa. Shi ya sa shawarar da ta fi yawa a lokacin ita ce a dawo da kwafin ajiya ko a girka sabo.

Ga kuma fuskar tsaro, wadda ta sa aka ba lamarin lambar CVE. Kafin a gyara, asusun 1000 na da ikon rubutu a `/etc/passwd` da kowane shiri a `/usr/bin`. Duk wata manhaja da ke gudana da wannan asusun, har da ƙunshin npm da mutum ya sauke bai karanta ba, tana iya canza shirin da root zai tayar anjima.

Yadda ta kai ga mutane

Masu npm sun ce 5.7.0 sigar gwaji ce. Suna da alamu biyu, `latest` ga jama'a, `next` ga masu gwadawa, kuma 5.7.0 na ƙarƙashin `next` yayin da `latest` ke kan 5.6.0. Gaskiya ne. Sai dai lambar sigar ba ta ɗauke da wata alamar gwaji, sanarwar da aka wallafa ba ta ce ta gwaji ba ce, kuma `npm update -g npm` ya ɗauko ta kai tsaye. Mutumin da ya buga wannan umarnin bai nemi zama ɗan gwaji ba. Daga siga ta 5.8.0 aka fara ganin lambobi irin `5.8.0-next.0`, wanda ya nuna an ji.

Muhawarar da ta biyo baya ta yi zafi, har da zage-zagen da ba su dace da mutanen da suka gyara kuskurensu cikin kwana guda ba. Amma akwai wata magana da aka yi ta maimaitawa daga ɗaya ɓangaren, wai laifin masu amfani ne, wa ya ce su yi `sudo npm`. Ban yarda da ita ba. Kod ɗin da ya yi ɓarnar `SUDO_UID` yake karantawa. An rubuta shi ne domin masu sudo. Manhajar da ta tanadi hanya ta musamman don wani yanayi ba za ta juyo ta ce ba ta san da yanayin ba. Guje wa sudo shawara ce mai kyau, ni ma ita nake bayarwa, amma ba ta wanke kod ɗin.

Abin da za a iya rubutawa dabam

A ganina kuskuren ya girmi 5.7.0. Yana cikin reshen nan na `correctMkdir` da ke cewa in ka tarar da folda a hannun wani, ka karɓe. Ƙirƙirar folda da ƙwace folda ayyuka biyu ne, na farko ba ya cutar da kowa, na biyu ba ya komawa baya, an kuma ɗaure su a kira ɗaya. Amincinsa ya dogara ne kacokan a kan kowane mai kira ya tuna kada ya miƙa masa adireshin da ba na npm ba, ba a kuma rubuta wannan sharaɗin a cikin kod ɗin ba. Layi biyu da za su duba ko adireshin na ƙarƙashin ma'ajiyar npm, su ƙi aiki in ba haka ba, da sun mai da lamarin saƙon kuskure kawai.

`mkdirp` na wancan zamanin ma yana ba da abin da ake buƙata, domin yana dawo da folda ta farko da ya ƙirƙira, ko ba komai idan ya tarar da ita:

```js
mkdirp(hanya, function (kuskure, sabuwa) {
  if (kuskure) return gama(kuskure)
  if (!sabuwa) return gama()  // mun tarar da ita, ba tamu ba ce
  chownr(sabuwa, uid, gid, gama)
})
```

Da wannan, abin da shirin ya haifa kaɗai yake sauya wa mai shi. Akwai hanyar da ta fi wannan ma: kafin ka yi rubutu a gidan mutum, ka sauke ikon root, ka kira `process.setgid` sannan `process.setuid`, a wannan jerin, domin in ka fara sauke na biyun ba ka da ikon yin na farkon. Daga nan fayilolin za su fito da sunan mai gida da kansu, ba chown, kuma in kod ɗinka ya yi ɓatan kai zuwa `/usr`, ƙwaryar tsarin ce za ta hana shi. Wahalarta ita ce npm na buƙatar ikon root a wani ɓangaren aikin guda, don haka sai an raba aikin gida biyu. Ya fi tsada a rubuta.

Ko a inda bin folda ciki da ciki ya zama dole, akwai wani rami. `chown` na bin fayil mai nuni, wato symlink, fayil ɗin da adireshin wani wuri kawai yake ɗauke da shi, zuwa inda yake nunawa, `lchown` kuwa a kan mai nunin yake tsayawa. Idan root na bin foldar da wani ke iya rubutu a ciki, mutumin na iya musanya wata folda da mai nuni tsakanin lokacin da aka duba ta da lokacin da aka taɓa ta. `chownr` kansa ya yi fama da wannan kafin siga ta 1.1.0, an yi masa rajista da CVE-2017-18869.

Janye canjin a 5.7.1 ya kashe gobarar, amma tsohon ciwon fayilolin root a `~/.npm` ya ci gaba. A 2019, cikin jerin sigogi na 6, npm ta koma wata dabara ta ƙunshin `infer-owner`: maimakon tambayar sudo wa ya kira shi, sai a duba mai foldar da ake shirin rubutu a cikinta, a ba sabon fayil wannan mai shi. A gidan mutum fayil ya zama nasa, a `/usr` ya zama na root, abin da aka tarar kuma a bar shi yadda yake. Idan npm ta ci karo da tsofaffin fayilolin root a ma'ajiyarta, sai ta tsaya ta rubuto maka umarnin `sudo chown -R` da lambobinka da adireshin `.npm` ɗinka, ta bar maka ka buga da hannunka. A Oktoban 2022 siga ta 9 ta fito, kuma cikin jerin manyan canje-canjenta akwai cewa npm ta daina ƙoƙarin sauya mai fayilolin da take ƙirƙira.